Dariyar magoya bayan Celtic ga Rangers

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana kan yadda magoya baya ke murna idan abokan hamayya sun faɗa matsalar kuɗi.

Mu ɗauki birnin Glasgow a Sukotland, gidan Celtic da Rangers, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu masu hamayya da juna. A 2011 Craig Whyte ya sayi Rangers daga hannun David Murray a kan fam 1 kacal. Cikin Fabrairun 2012 bashin haraji ya durƙusar da ƙungiyar, aka zabtare mata maki 10, daga baya aka rushe kamfanin da ke riƙe da ita, ta koma rukuni na huɗu na gasar ƙasar. Sai 2016 ta dawo babbar gasa. Har gobe wasu magoya bayan Celtic na cewa Rangers ta mutu, wadda ake gani yanzu sabuwa ce.

Tsokana gishirin ƙwallo ce, ban ƙi ta ba. Amma masu wannan dariya suna da saurin mantuwa: a 1994 saura ƙiris banki ya rufe Celtic ɗin kanta, sai da Fergus McCann ya zo da kuɗinsa ya cece ta. Kuma wa ya sha wahalar 2012? Ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa masu bin bashi, da talakan da ya biya tikitin kallon wasannin kakar wasa bai san yadda ake kashe kuɗinsa ba.

Ina roƙon shafinku na wasanni ya riƙa bin diddigin masu sayen ƙungiyoyi da inda kuɗinsu ya fito.

Na gode.
Mai karatunku