A Tuna da Jirgin Yaƙi na Farko da Ya Ci Sunan Najeriya a Rundunarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara idan 1 ga Yuni ta zagayo, ranar da aka kafa rundunar sojan ruwan Najeriya a 1956, jaridarku kan kawo hotunan sababbin jirage da jawaban manya, amma da wuya a ambaci tsohon jirgin da aka fara laƙaba wa sunan ƙasar nan a rundunar.

Asalinsa na Birtaniya ne, sunansa HMS Hare. Kamfanin Harland and Wolff ya ƙera shi a Belfast, aka saka shi a ruwa a 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba. Yana cikin jirage 110 samfurin Algerine da aka ƙera a Birtaniya da Kanada domin share nakiyoyin da ake dasawa a teku.

Aikin irin waɗannan jirage ba ya jawo suna, sai dai haɗari. Jirgin kan ja doguwar igiyar ƙarfe a gefensa, ta yanke igiyar da ta ɗaure nakiya da ƙasan teku, idan nakiyar ta taso kan ruwa sojoji su harbe ta da bindiga har ta fashe ko ta nutse. Nakiyoyi masu tashi da maganaɗisu kuwa, wayar lantarki ake ja can baya domin su fashe nesa da jirgi. Wato waɗannan jirage ke shiga ruwan da kowa ke gudu kafin manyan jirage su biyo, kuma ko bayan an tsagaita wuta a 1945 ba su huta ba, don nakiya ba ta san an yi sulhu ba.

A 1959 aka miƙa Hare ga Najeriya, ya koma HMNS Nigeria, kuma shi ne babban jirgin rundunar lokacin samun 'yancin kai a 1960. Tsufa ya riga ya kama shi, gaskiya, shi ya sa a 1962 aka mayar da shi Birtaniya aka farfasa, sannan sabon jirgin da aka ƙera a Holan ya gaji sunan a 1965.

Roƙona shi ne ku tura wakili hedikwatar rundunar a Abuja ya nemo hotunansa da sunayen 'yan Najeriyar da suka koyi aiki a kansa, a buga kafin Yuni mai zuwa.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kaduna