Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Taswirar Itatuwa da Tsuntsayen Ƙasar Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, malamai da ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da Allah Ya ba mu ikon yi a bana. Aiki ɗaya ne ya cinye mafi yawan wannan rahoto, kamar yadda ya cinye mafi yawan lokacinmu da aljihunmu, wato rubuta inda kowane irin itace da tsuntsu yake a ƙasar Sakkwato.

Waɗanda suka halarci zaman farkon shekara za su tuna ranar da Malama, 'yar uwarmu mai nazarin halittu da muhallinsu, ta buɗe mana rumbun GBIF a intanet, inda masana na duniya ke zuba bayanan wuraren da aka ga tsirrai da dabbobi. Taswirar Turai ta cika maƙil da ɗigo-ɗigo. Da ta gangaro Sakkwato da Kebbi da Zamfara sai ga fili fayau, ɗigon jefi-jefi. Abin ya taɓa mu, domin da waɗannan ɗigo ake lissafin makomar itatuwa a zamanin sauyin yanayi, kuma aikin gayya da ba ka je ba, ba a sanin kunyar da ta dace da gonarka.

Mutane da yawa sun nemi a sake bayanin yadda lissafin yake, to ga shi. Za ka ba kwamfuta wuraren da aka tabbatar an ga ɗorawa, misali. Sai ta duba yanayin kowane wuri daga ma'aunai 19 na rumbun WorldClim, irin su yawan ruwan shekara, zafin watan da ya fi kowane zafi, da ruwan watanni uku mafi bushewa. Manhajar MaxEnt, wadda Steven Phillips da abokan aikinsa suka yi bayaninta a 2006, ita ke gano irin yanayin da ɗorawa ke so, ta zana duk inda ake samun irinsa. Daga nan a cire yanayin yau a sa wanda ake hasashe tsakanin 2041 da 2060, a ga inda mazaunin zai tsuke da inda zai buɗe. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce zafin duniya ya riga ya ƙaru da kusan digiri 1.1 a kan na ƙarshen ƙarni na 19. Gari irin Sakkwato da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, daminarsa kuma 'yan watanni ce daga Yuni zuwa Satumba, ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Mun fita daji a yankunan Kware, Wamakko, Boɗinga, Dange Shuni, Yabo da Tambuwal, mun kuma leƙa fadamar Rima da gefen madatsar Goronyo. Kowa da wayarsa: hoto, sunan itace, lambobin wuri, sai a tura ta manhajar iNaturalist, tsuntsaye kuma ta manhajar eBird. Isa da Sabon Birni ba mu taka ba saboda matsalar tsaro, kuma shugabanni ba su yi nadamar wannan shawara ba. Allah Ya kawo wa 'yan uwanmu na can sauƙi.

Taswirar gwaji ta farko ta koya mana abin da ba mu zata ba. Da aka haska ta a bango, wani dattijonmu mafarauci ya dube ta ya ce, "Malama, wannan ai hanyar Jega ce da ta Gusau kika zana." Gaskiyarsa. Mun yi ta tsayawa inda mota ke iya tsayawa, sai manhajar ta ɗauka itatuwa bakin kwalta suke so. Laifinmu ne, kuma mun gyara. Yanzu kowace fita sai an bar abin hawa an shiga gonaki da ƙafa, ana kuma rubuta wurin da aka duba ba a ga komai ba.

A ganina ribar shekarar nan tana cikin zaman da muka yi da tsofaffi a ƙauyuka. Sun lissafa mana inda a da ake tsintar kaɗanya da ɗorawa da ƙirya, yau sai aduwa da magarya da sabara da tumfafiya. Kusan duk hira sai ta biya ta farin 1973 da na 1984. Abin da suka faɗa ya zo daidai da binciken Patrick Gonzalez na 2001 a arewa maso yammacin Senegal, inda ya gano cewa tsakanin 1945 da 1993 iyakokin ciyayi da itatuwa sun matsa kilomita 25 zuwa 30 zuwa ɓangaren da ya fi ruwa. Babu rumbun intanet da ke da abin da ke cikin kan waɗannan dattawa, kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa muka fara naɗar muryoyinsu da izininsu.

Sai dai ina roƙon kada kowa ya ɗauki taswira ya ce ga abin da zai faru. Ruwan sama da zafi manhajar take gani. Ba ta ganin gatarin mai gawayi, ba ta ganin bakin akuya, ba ta san gawo yana kai saiwarsa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, shi ya sa yake kore shar da rani. Ungulu ma, da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa cikin jerin masu dab da ƙarewa a 2015, guba da fataucin sassan jikinta ne suka fi cin ta. Kuma maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna cewa ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya na iya sake cika da itatuwa ta hanyar sassaben zamani, inda manomi ke barin toho a kututture ya gyara shi ya girma.

Sauran ayyuka a taƙaice. Mun ziyarci makarantun sakandare a cikin gari, yara sun koyi sunayen itatuwa da Hausa da Fulatanci. Dashen damina bai yi kyau ba: mun dasa ba mu killace ba, dabbobi suka cinye mafi yawa. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi daban, da sunayen waɗanda ake bi kuɗin wata.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu mai da hankali kan itatuwa biyar: gawo, kuka, ɗorawa, giginya da goriba, mu kuma nufi Gwadabawa da Illela har tafkin Kalmalo gwargwadon yadda hanya ta yi lafiya. Muna so mu miƙa abin da muka tara ga masu aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wato shirin dashen itatuwa don yaƙi da kwararowar hamada, tunda Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa, ko zai taimaka wajen zaɓen irin da za a dasa. Muna neman mata su ƙaru a fitar daji, domin masu daddawa da masu kuka sun fi mu sanin itacen da ya daina 'ya'ya. Duk wanda ke da tsohon hoton gona ko na bakin gari da itatuwa suka fito a ciki, ya zo da shi zama mai zuwa, za a ɗauki kwafi a mayar masa da abinsa nan take.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya