A duba gonakinmu daga sama kafin a ce ba mu da itatuwa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan taswirar dazuzzuka da ake haɗawa da hotunan tauraron ɗan adam. Duk wanda ya buɗe Global Forest Watch, shafin intanet mai nuna taswirar dazuzzukan duniya, a wayarsa zai ga kudancin Najeriya kore, mu kuwa nan arewa fayau kamar ba a taɓa shuka ko darbejiya ba, kuma da irin wannan taswirar ake zama a ofis ana yanke mana hukunci.

Taswirar ba ƙarya take ba, ido ne gare ta na ganin kurmi. Hotunan Landsat, taurarin ɗan adam na Amurka, aka yi amfani da su, kowane ɗigo ɗaya a hoton ya cinye fili mita 30 tsawo mita 30 faɗi, to gawo ɗaya a tsakiyar gonar gero ina zai fito a nan? Haka kuka da ɗorawa da kanya da tsamiya, duk a warwatse suke cikin gonaki, kuma su ne dajin talaka, nan yake samun miya da itacen girki da abincin awaki.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana. A Maraɗi da Damagaram manoma sun daina ƙone kututture lokacin sharar gona, sai su bar tsiro biyu ko uku su datse sauran, abin da suke kira sassabin zamani. Shekaru ana yi ba wanda ya san girman abin, sai da masu bincike suka ɗora hotunan jirgin sama na 1975 kan na tauraro na wajen 2005 suka ga an farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an dasa su ba fa! Gawo ma da kansa yake taimakon mai ƙirga, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma lokacin da komai ya bushe shi ne kore shar, hoton rani sai ya fito da shi ɓaro-ɓaro.

Yanzu kayan aikin sun fi na da. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, tauraron Sentinel-2 na Turai da aka harba a 2015 yana gani har mita 10, shi ma kyauta. Muna da NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, muna da sassan nazarin ƙasa a Bayero da ABU da ɗalibai masu neman abin rubuta firojet.

Roƙona ga gwamnonin arewa, a ba waɗannan yaran aikin ƙirga itatuwan gona ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a haɗa da dajin Falgore da Rugu da Kamuku inda masu gawayi ke cin karensu ba babbaka. Sannan duk inda aka yi bikin dashe da damina aka ɗau hoto, a koma a dubo wurin daga sama bayan shekara uku a buga mana a jarida ko nawa suka rayu.

Nagode.
Wani mai karatunku daga Katsina