A riƙa adana bayanan gwaji kafin a ce na'ura ta yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin ɗalibai da masu haɗa na'urori da Arduino Uno, wato ƙaramin allon lantarki da ake saka wa manhaja. Ganin fitila ta kama ba gwaji ba ne. Manhajar da ke cikin guntun ATmega328P, wanda shi ne ƙwaƙwalwar allon, kan tsaya ko ta sake tashi da kanta, wani lokaci sau ɗaya a yini, kuma ido ba ya kama wannan.

A haɗa katin SD, a riƙa rubuta lokaci da ƙarfin wuta da abin da kowane firikwensin (na'urar awo) ya karanta. Amma fa a kula, katin kan ɗauki har milisakan 250 kafin ya gama rubutu ɗaya, abin da ya shigo a tsakani sai ya ɓace. Maganinsa a tara bayanan zuwa bayit 512 a zuba gaba ɗaya. Hakan zai cinye rubu'in RAM ɗin guntun, wato ma'ajiyarsa ta wucin gadi, domin kilobayit 2 ne duka.

Katin da bolt 3.3 yake aiki, bolt 5 na iya ƙona shi. Sannan ƙidayar millis(), mai ƙirga milisakan tun daga kunna na'urar, tana komawa sifili bayan kusan kwana 50, a gwada wannan da gangan tun kafin a miƙa wa mai saye.

Wassalam.