Rahoton Kwamitin Ruwa kan Gyaran Rijiyar Kwari

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai gari, malamai, iyayenmu mata da 'yan uwa da ke ci-rani, ga bayanin aikin da kuka damƙa mana.

A nan ƙasar Gure rijiyoyinmu a kwari suke, tsakanin tuddan rairayi, kuma gaba kaɗan ake haƙawa a tarar da ruwa. To, duk abin da ya zuba a bakin rijiya ba ya daɗewa yake isa ciki. Da muka fara aiki, caɓi ne ya kewaye ta: kashin awaki da fitsarin raƙuma, ga igiyoyin guga ana jan su cikin wannan laka a sake zura su. Ba mamaki gudawa ta addabi yaranmu kowace damina.

Da kuɗin karo-karo aka yashe rijiyar har gindi, aka sauya zobban siminti da suka tsage. An ɗaga bakinta ya kai ƙugu, an sa murfin ƙarfe, an yi daɓe da magudana, an kafa kura yadda igiya ba za ta ƙara taɓa ƙasa ba. Kwamin dabbobi ya koma can gefe, bayan shinge. Masai biyu da ke kusa an cike su, tunda ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu da rijiya. Masu gidajen sun yi mana kara, Allah ya saka musu. Daga ƙarshe aka wanke rijiyar da kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Amma dole mu faɗa muku gaskiya: zartsin ruwan yana nan. Kanwa ce daga ƙasar kwarin kanta, siminti bai iya mata komai, kuma da rani ta fi fitowa. Akwai kuma sinadarin naitret da kashin dabbobi ya daɗe yana zubawa cikin ƙasa. Ba ya ɗanɗano, tafasawa ba ta cire shi, kuma jarirai ya fi cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Mun nemi a zo a auna shi. Iyayenmu mata, don Allah jaririn da bai kai wata 6 ba a bar shi da nono zalla.

Makullin murfi yana hannun ƙungiyar mata, kuma da gugar rijiya kaɗai za a riƙa ɗiba.