A ba malaman yawon buɗe ido muhimmanci a Filato

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani fanni da iyaye da ɗalibai ke rainawa, wato koyarwa da bincike kan yawon buɗe ido da shirya taruka.

Jihar Filato na yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Ga gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda aka adana mutum-mutumin yumɓu na Nok, ga duwatsun Shere da Riyom, ga ruwan Assop, ga bikin Nzem Berom. To amma wa ke nazarin yawan baƙin da ke zuwa, da abin da suke kashewa, da yadda rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya suka kore su? Aikin malamin jami'a ne, kuma bincike ba ya yiwuwa sai da kuɗi.

Yaro mai hazaƙa ya ce wannan fanni zai karanta har ya koyar, sai a ce ai aikin otal zai ƙare da shi. Wallahi abin na yi mini ciwo.

Ina kira ga TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) da NIHOTOUR (cibiyar ƙasa ta horarwa kan karɓar baƙi da yawon buɗe ido) da Jami'ar Jos su ware guraben digiri na biyu da na uku a fannin, su kuma riƙa tura ɗalibai su yi aiki da masu shirya bukukuwan nan.

Naka,
Wani malami daga Jos