A daina yi wa salansar motocin injekta aikin Fijo 504

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ban ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motoci, irin su Golf 3 da Vectra da Sharon da Honda da Corolla 'yan Kwatano, akan wannan ɗabi'a ta kai mota gun mai walda a yanke salansa a jona duk wadda aka tsinta a kasuwa. Ni sana'ata rewaya ce, kuma sau da yawa in aka kawo min mota ana kukan tana shan mai ko fitilar cek injin taƙi mutuwa, ina leƙa ƙarƙashinta sai inga ashe daga bututun hayaƙi matsalar ta taso.

Abin gadonsa mukai daga zamanin Fijo. Ita 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna kafireta gare ta, ba sansa ba kwamfuta, salansa in ta ruɓe a buga maka wata ka kama gabanka, iyakaci ƙara ta canza. To amma motocin da muke ja yanzu ko da mun kira su tsofaffi ba haka suke ba, injekta ne, wato kwamfuta ke auna wa injin mai, domin a Turai tun 1993 kusan duk sabuwar motar fetur sai da tukunyar tace hayaƙin nan da kanikawa ke ce wa indomi, Amurka kuwa tun 1975 suka fara. Kafin tukunyar akwai sansa mai shinshinar iskar da ke cikin hayaƙi, ita ke gaya wa kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage, a motocin da suka fi sabunta ma akwai ta biyu a bayan tukunyar. Kaga kenan in mai walda ya bar 'yar kafa a gaban sansar farko ko bai ɗaure gaskit ɗin manifol, wato inda bututun hayaƙi ya kama jikin injin, da kyau ba, iskar waje zata riƙa shiga, kwamfuta ta ɗauka mai yayi kaɗan tai ta ƙarawa, kai kuma kana ta zagin gidan mai kana cewa litarsu bata cika. A wannan tsadar da muke ciki tun da aka cire tallafi a 2023 wallahi wannan ba ƙaramar asara bace.

Sai maganar cire indomi, wadda ita tafi ci min rai. Mutum zai je a ɗan like masa huji sai ace masa ai Alhaji indominka ce ta toshe shi yasa motar bata da ƙarfi, bari a fasa a zubar. Ba zubarwa ake ba. A jikin abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, akwai masu bi gareji gareji suna saye, shi yasa ba zaka taɓa ganinta a bola ba. Wani ma ba zai tambaye ka ba, ya ƙwaƙule cikin ya mayar maka da kwankon ya like, sai ka tada mota kaji murya ta zama ta gwangwani hayaƙi na yaji a ido. Ban ce duk kanikawa haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, kuma gaskiya ne indomi tana toshewa, motar ta riƙa numfashi da ƙyar a hawa tana zafi. Amma me ya toshe ta? Yawanci injin ne ke shan baƙin mai ko filogi ya mutu ɗanyen fetur na gangarawa yana ƙonewa a cikinta har ta narke, in baka gyara wannan ba ko sabuwa fil ka saka haka zata bi 'yar uwarta.

In dai dole sai an canza salansar, ko a Ƙofar Ruwa zaka saya ko Panteka, ko ta Beljiyam ce ko sabuwa 'yar kamfani, kaje da tsohuwar a gwada faɗin bututun, kar a ɗauko ta babbar jif a maƙala wa ƙaramar mota wai dan tai gudu, ba gudun da zata ƙara sai ihu. A duba akwai ramin da sansa zata zauna kuma a daidai inda take a da. Ɗan guntun nan mai lanƙwasa kamar saƙar waya da ke kusa da injin shima kar a yarda a maye shi da sandararren fayif, shi ke shanye girgizar injin, in babu shi manifol ne zai tsage. Robobin rataye kuma kuɗinsu bai kai ya kawo ba amma sai kaga an ɗaure salansa da wayar ƙarfe. Kuma in waldar lantarki za ai a cire kan batir tukuna.

Direbobin haya su nafi ji wa tsoro. Hayaƙin mota na ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, kabon monoksaid, in bututu ya huje a ƙarƙashin kujera ko aka gajarta shi bai fito bayan bamba ba, ga ƙasan motar ya ruɓe ga but a buɗe an danƙara kaya, cikin motar take komawa, lokacin sanyi kuma an rufe gilashi ruf, direba yaita ciwon kai yana gyangyaɗi akan titin Kano zuwa Zariya yana cewa gajiya ce.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da masu walda su sa doka a garejinsu cewa duk abin da aka ciro daga ƙarƙashin mota a miƙa wa mai ita a hannu, in yaga dama ya sayar da kansa. Su kuma jami'an duba lafiyar mota in sun tare mu su riƙa sunkuyawa suna leƙa bututun nan, ba takardu kawai ba.

Naku,
Wani rewaya daga Kano